Hankaka Mai Da Ɗan Wani Naka: Tarihin Waɗanda Suka Yi Renon System Shock 2

A ƙarshen watan Satumba na 2012, wani mutum da ya kira kansa Le Corbeau ya shiga Ariane4ever, wani ɗan zauren intanet na Faransawa masu son wasan kwamfuta mai suna Thief, ya ajiye kaya ya fita. Bai faɗi sunansa na yanka ba, bai faɗi garinsu ba, bai nemi ko sisin kwabo ba. Da aka kwance kayan sai aka tarar faci ne guda biyu, ɗaya na Thief II, ɗaya na System Shock 2, wasannin da kamfanin da ya haife su ya rufe ƙofa shekara goma sha biyu kafin wannan rana. Kayan da ba a san mai shi ba a intanet abin ɗari-ɗari ne, don sau da yawa cuta ake cusawa a ciki. Amma da masu ƙarfin hali suka gwada, wasan da ya yi shekaru yana gardama da sababbin kwamfutoci sai ga shi ya tashi garau, hoto ya cika allo, sauti na fita, bai sandare ba.

Le Corbeau da Faransanci hankaka ke nan. Bahaushe kuwa kirarin da yake yi wa hankaka shi ne mai da ɗan wani naka, kuma yawanci gori ake yi da shi ga wanda ya rungume abin da ba nasa ba. A wannan tarihi ni yabo nake nufi da shi, kuma ba mutum ɗaya nake yi wa kirarin ba. Kafin wannan hankaka ya sauka, akwai garke guda na mutanen da suka shafe shekaru suna ɗawainiya da wasan da ba su da ko ƙwayar zarra ta haƙƙin mallaka a kansa.

System Shock na farko ya fito a 1994 daga kamfanin Looking Glass da ke birnin Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka. Labarinsa na faruwa a shekarar 2072, a wata tashar sararin samaniya mai suna Citadel, inda wata ƙwaƙwalwar na'ura da ake kira SHODAN ta kuɓuce wa masu ita, ta ɗauki kanta abin bauta. A 1997 ma'aikatan Looking Glass uku, Ken Levine da Jonathan Chey da Robert Fermier, suka fita suka kafa nasu kamfani, Irrational Games. Ba su yi nisa da gida ba. Da tsohon kamfanin nasu suka haɗa hannu, suka ari injin wasa da ake kira Dark Engine, wanda a lokacin ake kan gina shi don wasan Thief. Injin wasa shi ne ginshiƙin manhaja da ke zana hoto, ya fitar da sauti, ya lissafa motsin kowane abu. Labari da ɗakuna da halittu duk a kansa ake ɗora su. Wannan injin bai gama nuna ba suka fara gini a kai, suna aiki suna toshe ɓarakarsa. Cikin kimanin wata goma sha takwas suka kammala, kamfanin Electronic Arts ya fitar da System Shock 2 a ranar 11 ga Agusta, 1999.

Sai an san abin da ke cikin wasan kafin a gane dalilin da zai sa mutum ya ba shi shekarun rayuwarsa kyauta. Shekarar 2114 ce. Kai soja ne, ka farka a sashen asibiti na wani kumbo mai hawa shida mai suna Von Braun, ba ka tuna komai. Kumbon ya je duniyar Tau Ceti ta biyar tare da rakiyar wani jirgin soja, Rickenbacker, ya kwaso wasu ƙwayaye da suka ƙyanƙyashe tsutsotsi. Tsutsotsin sun shiga jikin ma'aikata sun mai da su wata halitta mai jiki da yawa da tunani ɗaya. Abin da ya bambanta tsoron wannan wasa da na sauran shi ne tausayi da ke cikinsa. Mutumin da ya taso maka da ƙarfen famfo a hannu, sauran hankalinsa bai gama fita ba. Yana kai maka duka yana ba ka haƙuri, yana ce maka ka gudu. A ƙasa kana tsintar muryoyin da ma'aikata suka naɗa kafin su mutu, ka ji yadda wata ta fara jin kiran halittar tana ƙi, sannan a naɗi na gaba ka ji ta fara jin daɗinsa. Harsashi kaɗan ne, bindiga tana lalacewa a hannunka, kuma muryar matar da ke yi maka jagora ta rediyo, Dakta Polito, daga baya za ka isa ofishinta ka tarar da gawarta ta daɗe a kan kujera. SHODAN ce ke magana da kai tun farko. Terri Brosius ce ta yi muryarta, aka sarrafa ta tana in'ina tana tsinkewa, kuma wanda ya taɓa ji da dare shi kaɗai a ɗaki ba ya mantawa.

Mujallun wasanni sun yaba, an ba shi lambobin yabo, amma kasuwa ba ta amsa ba. Zuwa Afrilun 2000 abin da aka ƙirga an sayar a Amurka bai kai kwafi dubu sittin ba. Masu wasan sun fitar da faci ɗaya mai muhimmanci tun a 1999, wanda ya kai wasan lamba 2.3. Shi ya kawo damar mutane su yi wasa tare ta hanyar haɗa kwamfutoci, ya kuma buɗe wata 'yar ƙofa: wanda saurin lalacewar bindiga ya dame shi, ko yawan sake ɓullowar abokan gaba, zai iya rubuta layi ɗaya ko biyu a wani fayil ya rage. Daga nan ba a ƙara ba. A ranar 24 ga Mayu, 2000, bashi ya kai Looking Glass ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin maraicin. Kadarorin kamfanin, har da haƙƙin mallakar System Shock, sun faɗa hannun Meadowbrook, wani rukunin kamfanonin inshora a jihar Michigan, ta hannun reshensa Star Insurance. Alamar kasuwanci ta sunan kuma tana hannun Electronic Arts. Mai jiki daban, mai suna daban. Ɗaya ba zai iya sayarwa ba sai da ɗaya, kuma kamfanin inshora ba sana'arsa ba ce sayar da wasa. Faifai suka ƙare a kantuna. Wanda ke so sai dai ya nemi na hannu da tsada, ko ya sauke na sata. Ken Levine da mutanensa suka wuce gaba suka yi BioShock a 2007, wanda ya sami kasuwar da wansa bai samu ba, kuma dubban da suka ji ana cewa ai daga System Shock 2 ya gaji halinsa suka koma neman tushen, suka tarar ba inda ake sayar da shi.

Manhaja ba ta ruɓewa kamar takarda, amma ƙasar da take tsaye a kai tana zamewa. An gina wasan ne don Windows 95 da 98. Da aka koma Windows 2000 da XP, manhajar da ke girka shi sai ta duba ta ce ba ta san wannan gida ba, ta ƙi ci gaba. Masoya suka gano akwai wata kalmar sirri da masu ginin suka bari, lgntforce, wadda idan ka liƙa ta a bayan umarnin girkawa sai ta haƙura ta wuce. Bidiyoyin da ke buɗe labari da rufe shi an naɗe su da wata fasahar Intel mai suna Indeo, wadda daga baya Microsoft ta toshe saboda dalilan tsaro. Sai mutum ya gama wasa da ƙyar, a maimakon ƙarshen labari ya ga baƙin allo. Wajen 2005 aka fara sayar da kwamfutoci masu ƙwaƙwalwa mai kai biyu. Injin Dark kai ɗaya ya sani. Da an yi 'yan mintuna, kawunan biyu su yi karo a kan aiki ɗaya, wasa ya sandare. Maganin da aka yi ta koya wa juna shi ne da zarar wasa ya tashi ka fita da sauri, ka buɗe manajan ayyuka na Windows, ka ɗaure shi a kai ɗaya, sannan ka koma. Kullum, duk kunnawa. Windows Vista ta zo ta cire hanyar da katin sauti ke bi ya ba da amsa-kuwwar ɗaki, wadda ita ce ke sa ka ji daga wane lungu nishin ke fitowa. Sababbin katunan hoto kuma suka daina kula da tsohon tsarin launi, duhu mai laushi ya koma layi-layi kamar rinin da bai kama ba. A wasan da rabin tsoronsa a duhu da sauti yake, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Aikin farko na masoya, wanda ba a cika yabawa ba, shi ne tara wannan ilimi. A zauren TTLG, wanda sunansa ma daga Looking Glass aka ciro shi, da kuma systemshock.org daga baya, mutane suka riƙa rubuta wace dabara ce ta yi aiki a wace kwamfuta, suna amsa tambaya ɗaya sau ɗari ga baƙi ɗari. Daga nan aka sami SS2Tool, wata 'yar manhaja da ta tattara dabarun duka wuri guda, ta yadda wanda bai san komai ba zai danna sau biyu ta yi masa aikin da a da sai ya kwana yana karatu. Aka sami DDFix, wanda ke tsayawa tsakanin tsohon wasa da sabon katin hoto kamar tafinta, yana karɓar magana da tsohon harshe yana isar da ita da sabo. Wasu suka nemo hanyar shimfiɗa hoto a allo mai faɗi ba tare da fuskoki sun baje ba.

Bayan ceton rai sai kwalliya, kuma a nan ne gardama ta tashi, gardamar da a ganina ita ce zuciyar wannan tarihi.

Ko a 1999 System Shock 2 ba kyakkyawa ba ne. Halittunsa da kusurwoyi 'yan kaɗan aka ƙera su, hannu kamar itace, fuska kamar an sassaƙa da gatari. Zanen da aka lulluɓe bango da kaya da shi ƙanana ne masu launi 256, idan ka matsa kusa da allon sanarwa sai rubutun ya narke. Ayyuka biyu suka tashi a farkon shekarun 2000 don magance wannan, kowanne da aƙidarsa. Na farko shi ne SHTUP. Masu shi suka ɗauki zane ɗaya bayan ɗaya, tambarin ƙofa, kwalin magani, hoton talla a bango, fuskar na'urar sayar da kaya, suna sake zana shi da girma, amma da sharaɗi mai tsauri: idan ka tsaya daga nesa kada ka iya bambance sabo da tsoho. Idan rubutu ya dushe har ba a karanta shi, sai a zauna a yi ta muhawara a kan me mai zanen farko ya rubuta, wane irin harafi ya yi amfani da shi. Aiki ne irin na mai kwafar tsohon littafi da tawada, wanda ba shi da izinin gyara wa marubuci magana ko da yana ganin ya fi shi iyawa.

Na biyu shi ne Rebirth, wanda ya ɓullo wajen 2003. Mai shi gwanin ƙira ne, ya sake gina halittun wasan da dubban kusurwoyi, yatsu suka zama yatsu, tsutsar da ke manne a wuyan mutum ta fito sosai. Jama'a da yawa suka yi murna, har ya zama kwaskwarimar da aka fi sani. Amma ya sa hannunsa a ciki. Akwai wata halitta da ake kira ungozoma, ma'aikaciyar jinya ce da aka fede aka cusa mata ƙarafa don ta yi gadin ƙwayaye. A asali abar tausayi ce da ƙyama, ba ka son kallonta. A Rebirth sai ta fito da surar da ke jan ido. Tsofaffin masoya suka ce wannan ba gyara ba ne, an sauya ma'ana. Sai da aka fitar da wasu nau'o'in da suka mai da ita kusa da yadda take.

Ina tare da masu ƙorafin. Duk wanda ya ga an shafe katangar ƙasa da siminti ya san yadda abin yake: ranar farko ta fi ta maƙwabta kyau, bayan damina biyu sai simintin ya ɓamɓare ya tafi da naman katangar, don ba jinsinsu ɗaya ba. Yaɓe da ƙasar da aka yi ginin da ita ba ya burge mai wucewa, amma shi ke riƙe gida. Sai dai ba zan ce mai Rebirth ya yi laifi ba. Wasa ba kayan tarihi ba ne da ake kullewa a gilashi, kuma mutane da yawa da suka zo daga baya ba za su jure tsofaffin fuskokin ba. Ta ƙofarsa suka shigo. Abin da gardamar ta haifar shi ne al'ada mai kyau: kowane aiki ya faɗi matsayinsa tun a bakin ƙofa, ko mai riƙon amana ne ko mai sabon salo, kuma a riƙa ba sabon shiga shawarar ya fara ɗanɗana wasan kusa da asalinsa kafin ya ƙara yaji.

Irin wannan tambaya ta sake tasowa a kan dokokin wasan. Wani aiki mai suna ADaoB, wanda sunansa ke nufin abubuwan da suka saɓa da waɗanda suka ci karo da juna da kuma kura-kurai tsagwaronsu, ya bi kumbon lungu-lungu yana gyara abin da gaggawar wata goma sha takwas ta bari: kayan da ke shawagi a iska, bayanin makami da ya saɓa wa aikinsa, fasahar da za ka kashe maki ka saya ka tarar ba ta da amfani. Amma ina iyakar kuskure? Kowa ya san bindigogi na yau da kullum sun fi sauran makaman wasan ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan kuskure ne ko niyya? Idan ka rage musu ƙarfi ka gyara ne ko ka sauya? Wasu kuma ba su ɓoye niyyarsu ba, irin su Secmod, suka juya wasan gaba ɗaya don wanda ya haddace shi ya sake jin tsoro. Da manhajar gina ɗakuna mai suna ShockEd wasu suka gina sababbin labarai nasu, irin su Ponterbee Station. Ba su kai yawan na Thief ba, inda masoya suka gina sama da dubu, amma akwai masu kyau a ciki.

Duk wannan ƙoƙari yana da bango da ba ya wucewa. Manhaja iri biyu take zuwa: akwai asalin rubutun da ɗan Adam ya rubuta yake iya karantawa, akwai kuma abin da na'ura ta niƙa daga gare shi, wanda shi ake sawa a faifai a sayar. Masoya niƙaƙƙen kawai suke da shi. Wanda aka miƙa wa dafaffiyar miya zai iya ƙara gishiri, amma ba zai iya tsame daddawa ba. Duk facin da aka yi kafin 2012 daga waje ake liƙa shi. An rubuta takardun roƙo ga kamfanin Eidos, wanda ya gaji Thief, ya saki asalin rubutun injin Dark. Ba a saki ba.

Sai rabo ya zo ta inda ba a zata ba. An taɓa shirin kai System Shock 2 kan Dreamcast, na'urar wasa ta kamfanin Sega, aka fasa. Ɗaya daga cikin na'urorin gwaji da masu wannan aiki suka yi amfani da su ta bi hannu-hannu har ta isa wurin wani mai tara tsofaffin kaya. A 2010 aka gano cewa a cikin abin da ya zo da ita akwai babban kaso na asalin rubutun injin. Kafin shekarar ta ƙare ya bazu a intanet. Bai cika ba, kuma a doka ba halalin kowa ba ne ya taɓa shi. Manyan zaurukan masoya suka yi taka-tsantsan da shi, don kada a rufe su. Aka yi shiru na kusan shekara biyu. Sannan hankaka ya sauka.

Kusan kowa ya ɗauka daga wancan rubutu da ya zube aka gina facin, don abin da ya yi ba ya yiwuwa daga waje. Wannan zato shi ne kuma bayanin da ya fi sauƙi na ɓoye suna. Facin, wanda aka riƙa kira NewDark, bai tsaya liƙe-liƙe ba, zuciyar injin ya sauya. Rikicin kai biyu ya ƙare. Hoto ya koma kan DirectX 9 da cikakken launi, duhu ya dawo da laushinsa. Allo mai faɗi ya zama abin zaɓa a cikin wasa. Bidiyo ya daina dogara da Indeo. Amsa-kuwwar ɗaki ta dawo ta hanyar OpenAL. Ga masu gini kuma, iyakokin da injin ya gindaya na yawan kaya da girman ɗaki da girman zane duk aka ɗaga su sama. A wata sabuntawa da ta biyo baya aka ƙara wata dabara da ake kira DML: ɗan gajeren rubutu da ke gaya wa wasa ya gyara abu kaza a ɗaki kaza lokacin da yake lodawa, ba sai an sake rarraba ɗakin gaba ɗaya ba. Wannan ƙaramin abu ya kashe wata tsohuwar matsala, inda kwaskwarima biyu da suka taɓa ɗaki ɗaya dole ɗaya ta shafe ɗaya.

A daidai wannan lokaci wani Ba'amurke mai suna Stephen Kick, wanda ya bar aikin zane a Sony Online Entertainment ya tafi yawon ƙasashen tsakiyar Amurka, ya yi marmarin wasan yana Guatemala. Ya gwada tsohon kwafinsa, ya ƙi tashi. Ya duba GOG, kantin intanet da ke sayar da tsofaffin wasanni, ya tarar babu, alhali shi ne wasan da masu saye suka fi roƙo, da ƙuri'u sama da dubu talatin. Ya bi diddigi har ya gano kamfanin inshorar, ya rubuta musu, suka amsa. Abin da manyan kamfanoni suka kasa ko suka ƙi yi cikin shekara goma sha biyu, mutum ɗaya ya yi shi da wasiƙa. Ya kafa Night Dive Studios, ya sami izinin sayarwa. Saura abin sayarwar: wasan da zai tashi a kwamfutar zamani. Kick ba shi da asalin rubutu. NewDark kuwa ga shi a fili. Ya nemi Le Corbeau bai same shi ba. A tsakiyar Fabrairun 2013 System Shock 2 ya hau GOG a kan kusan dala 10, a watan Mayu ya hau Steam, kuma injin da ke cikinsa na hankaka ne.

Wannan wuri yana sosa mini rai ta fuska biyu. Aikin da wani ya yi kyauta, yana ɓoye fuska don tsoron doka, shi ne masu riƙe da takardar doka suka sa wa farashi. Wanda ya yi renon maraya tsawon dare ba shi aka kira ranar rabon gado ba. Ta ɗaya fuskar kuma, ba don wannan ciniki ba da wasan ya ci gaba da zama abin 'yan tsiraru masu haƙurin neman faifai, kuma da shi ne aikin Le Corbeau ya isa hannun dubban da ba su taɓa jin sunansa ba. Ban ga hanyar da za a auna waɗannan biyu su yi daidai ba, kuma ba na son a yi saurin share na farkon don na biyun ya yi daɗin ji.

Masoya dai ba su ajiye kayan aiki ba. NewDark ya buɗe ƙofar aikin da nake ganin ya fi kowanne balaga, wato SCP, facin al'ummar Shock. Ya ɗauki darasin SHTUP ya kai shi kan wasan gaba ɗaya: a gyara dubban ƙananan abubuwa, hasken fitila, ƙofar da ke buɗewa ba daidai ba, kuskuren rubutu, ramin da ɗan wasa ke maƙalewa, amma wanda ya yi wasan a 1999 ya dawo ya rantse haka ya bar shi. Shekaru ya yi yana ɗauke da sunan gwaji, masu shi ba su yarda sun gama ba. Shi ma wan, System Shock na 1994, da hannun masoyi ya farfaɗo: wani ne ya ƙara masa damar waiwaye da linzamin kwamfuta, abin da asalinsa ba shi da shi, kuma wannan gyara ya shiga bugun da Night Dive ya fitar a 2015.

A Agustan 2019, wasan na cika shekara ashirin, Night Dive ya sanar zai yi sabon bugu na System Shock 2. Aikin ya ɗauki kusan shekara shida. Wani babban dalili shi ne tsohon bangon nan: kamfanin da a lokacin ya riga ya mallaki wasan ba shi da cikakken asalin rubutunsa, dole ma'aikatansa suka zauna suna warware niƙaƙƙen suna gano yadda aka rubuta shi, don su ɗora a kan nasu injin mai suna KEX. Wannan karon sun nemi mutanen systemshock.org tun daga farko, aka shigar da gyare-gyarensu a cikin bugun. Ya fito a kwamfuta ranar 26 ga Yuni, 2025, sannan a na'urorin wasa na gida a watan Yuli, karo na farko da wasan ya bar kwamfuta tun bayan da aka fasa na Dreamcast.

Shi kuwa Le Corbeau, bayan saukarsa ta farko ya ci gaba da dawowa lokaci-lokaci, a zaure ɗaya, da salo ɗaya: ya ajiye sabon kaya da jerin abin da ya gyara, ya tashi. Akwai abu ɗaya a aikinsa da nake yawan komawa kansa. Looking Glass da Irrational sun tsaya a lamba 2.3 a 1999. Da ya zo sa wa nasa lamba a 2012, bai fara daga ɗaya ba kamar mai sabon abu. Ya rubuta 2.4. Zuwa 2019 ƙidayar ta kai 2.48.